Idan kwamfuta ta canki inda za ka danna, wa ya mallaki cankar? 🧵

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren yau yana da ɗan tsawo. Wayarku da kwamfutarku suna cankar inda za ku danna tun kafin yatsa ya sauka, kullum, ba tare da kun lura ba. Tambayata: ya dace a ba kamfani ɗaya takarda cewa wannan cankar tasa ce shi kaɗai har shekara 20?

2/ Takardar da nake nufi ita ce ta mallakar ƙirƙira, wato fatent. Gwamnati ce ke ba ka. Ka bayyana wa duniya yadda abinka yake aiki, ita kuma ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi sai da izininka na wani lokaci. Ciniki ne tsakaninka da al'umma.

3/ Matsayata tun daga farko don kada wani ya ce na yi ta zagaye: koya wa na'ura gane inda hannu ya nufa aikin injiniya ne na gaske, ba ado ba ne. Amma tunanin kansa, "kintaci inda kibiya za ta je ka taimaka mata", ya tsufa da a ce na wani ne. Kuma mu a Najeriya abin ya fi shafarmu fiye da Turawa, zan nuna dalili.

4/ Mu fara da yadda abin yake aiki.

A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Paul Fitts, ya sa mutane suna taɓa faranti biyu na ƙarfe da tsinke, nan da can, da sauri. Yana canza nisan farantan da faɗinsu yana auna lokaci. Ya gano cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya dogara ne da abu biyu: nisan abin da kuma girmansa.

5/ Abu mai nisa kuma ɗan ƙarami, ka sha wahala. Abu na kusa kuma babba, nan take. Za ku ce ai kowa ya san wannan. Gaskiya ne, amma shi ya saka shi a lissafi, har ana iya faɗin daƙiƙa nawa za a ɓata. A 1978 masu bincike a Xerox PARC suka nuna cewa linzamin kwamfuta ma wannan lissafin yake bi.

6/ Toh tun da abu biyu ne, dabarun ma biyu ne. Ko ka rage nisa, ko ka ƙara girma. Idan manhaja ta iya cankar madannin da ka nufa, sai ta jawo kibiyar kusa da shi, ko ta faɗaɗa wurin da zai karɓi dannawarka a ɓoye, idonka bai gani ba.

7/ Cankar kuma ba duba ba ce 😅 Hannu yana da ɗabi'a. Yana tashi a hankali, ya yi gudu a tsakiya, ya rage gudu idan ya kusa isa. Idan ka auna saurin kibiya da inda ta fuskanta a rabin farko na tafiyar, za ka iya ƙiyasta inda za ta tsaya. Kamar mai tsaron gida ne da ke kallon ƙafar mai bugun fenariti.

8/ Misalin da na fi so. Ka buɗe jerin zaɓi a shafi, ka ɗora kibiya a kan "Takalma", wani jerin ya fito a gefe. Ka ja kibiyar a karkace don ka isa can, a hanya ka bi ta kan "Agogo", sai jerin takalman ya ɓace. Duk wanda ya taɓa cike fom a intanet ya san wannan takaicin.

9/ Maganinsa: manhaja ta zana alwatika a ɓoye, daga inda kibiyar take zuwa kusurwoyi biyu na jerin da ya buɗe. Muddin kibiyar tana cikin alwatikar, ta san can ka nufa, sai ta ƙi rufewa. A 2013 wani mai rubuta manhaja, Ben Kamens, ya lura Amazon haka suke yi, ya yi bayaninsa, ya saki kod ɗinsa kyauta. Amma dabarar tana cikin kwamfutocin Mac na Apple tun shekarun 1980.

10/ Windows na da zaɓin da ke kai kibiya kai tsaye kan madannin "OK" da zarar akwatin tambaya ya fito, yana nan a saitin linzami tun da daɗewa. A 2005 masu bincike biyu a Jami'ar Toronto, Grossman da Balakrishnan, suka fito da kibiya mai kumbura kamar balan-balan, kullum tana kama abin da ya fi kusa da ita. Kibod ɗin iPhone tun 2007 yana faɗaɗa wurin harafin da yake ganin shi za ka danna gaba.

11/ 'Yan PUBG da Free Fire, ku ma kada ku yi shiru. Wancan ɗan jan da bindiga ke yi zuwa jikin abokin gaba, wanda kuke cewa ƙwarewarku ce, ɗan gidan nan ne 😂

12/ Wani zai ce duk wannan wasan 'yan gayu ne. A'a wallahi. Ku tuna a 2017 JAMB ta kawo tsarin madannai 8 a jarrabawar kwamfuta: A, B, C, D na amsa, P da N na baya da gaba, S da R na miƙawa da komawa. Dalili? Ɗalibai da yawa ba su saba da linzami ba. Yaro ya san amsa, amma kai kibiya kan ɗan da'irar nan ya zame masa jarrabawa ta biyu.

13/ Mu 'yan Katsina mun san wannan sosai. Yaron da ya taso nan GRA da kwamfuta a falo daban, wanda ya taho daga ƙauyen Batsari ko Jibiya ya fara riƙe linzami ranar gwaji daban. Ga tsofaffinmu masu rawar hannu da ke son tura kuɗi da kansu, "Tura" da "Fasa" suna manne da juna a allo. Taimaka wa hannu ya sami abin da ya nufa ba ƙaramin abu ba ne.

14/ Saboda yana da amfani ne ma ya sa batun wa ya mallake shi yake da nauyi.

15/ Mu leƙa Turai. Yarjejeniyarsu ta fatent, a sashe na 52, ta ce manhajar kwamfuta da hanyar nuna bayani ba ƙirƙira ba ne idan su kaɗai ne zalla. Sai ka nuna cewa abinka yana warware wata matsala ta fasaha. A kan wannan "zalla" ɗin lauyoyi suke cin abinci shekara da shekaru.

16/ A 2012 kwamitin ɗaukaka ƙara na ofishinsu ya yanke hukunci a wata buƙatar kamfanin SAP, lamba T 1741/08. Kamfanin ya ce tsarin allonsa yana sauƙaƙa wa mutum fahimta, ya shigar da bayani da sauri, kwamfuta ta huta. Kwamitin ya ce sarƙar ta tsinke a tsakiya, domin amfanin sai ya ratsa ta cikin ƙwaƙwalwar mutum tukuna. Abin da ke faruwa a kan mutum ba fasahar na'ura ba ce.

17/ Amma sun fi sassauci ga hanyar shigar da umarni. Idan dabararka tana sa na'ura ta gane motsin hannu da sauri ko daidai, ta yadda za a iya aunawa, ba wai don wane ya fi son haka ba, suna karɓarta a matsayin fasaha.

18/ Cankar kibiya a ina ta faɗa? A ganina ɓangare na biyu. Rawar hannu da saurin tsoka jiki ne, ana auna su da agogo, ba ra'ayi ba ne. Don haka ban yarda da masu cewa "manhaja ce kawai, a kore ta" ba. Wannan amsar malalata ce.

19/ Sai dai tsallake wannan ƙofar ba shi ne samun takarda ba. Akwai ƙofa ta biyu, kuma ita ce mai tsauri: abin sabo ne? Wanda ya san aikin, da an ba shi matsalar, ba zai iya kai wa ga wannan maganin da kansa ba? A nan ne yawancin irin waɗannan buƙatun ya kamata su faɗi. Fitts 1954, alwatikar Mac, Windows, Toronto 2005. Hanyar cike take da sawun mutane.

20/ Kun tuna jan yatsa a buɗe waya na iPhone? Apple na da fatent a kansa. A Amurka yana cikin abin da masu taya alƙali hukunci suka ce Samsung ta biya kusan dala miliyan 120 a 2014. A Jamus kuwa kotun ƙoli ta tarayya ta tabbatar da soke shi a 2015, saboda wata waya 'yar Suwidin, Neonode N1m, ta riga shi yin kusan haka.

21/ Abu ɗaya, waya ɗaya, hukunci biyu.

22/ Ga kuma saye da dannawa ɗaya na Amazon. Amurka ta ba su a 1999, suka kai Barnes & Noble kotu, Apple ma sai da ta karɓi lasisi. Turai ta ƙi ba su. Takardar ta ƙare a 2017. Kusan shekara 18 wani kamfani yana riƙe da "ajiye katin mutum don kada ya sake rubutawa".

23/ Shi kuwa Douglas Engelbart da ya ƙirƙiri linzamin kansa, an ba da fatent ɗinsa a 1970, cibiyar da yake wa aiki ce ta riƙe, bai ci kason ciniki ba, takardar ta ƙare a lokacin da linzami ke fara shiga gidajen mutane. A ajiye wannan a gefe don masu cewa fatent shi ke ciyar da mai ƙirƙira.

24/ Yanzu mu dawo gida, nan ne zancen yake.

Dokarmu ta fatent da zane ta 1970 ce, zamanin Gowon. Ba ta ambaci manhaja ba ko sau ɗaya, ba ta ce a ba ta ba, ba ta ce a hana ta ba. Ta ce abu ya zama sabo, ya fito daga aikin ƙirƙira, kuma a iya amfani da shi a masana'anta. Ta cire ƙa'idoji da binciken kimiyya. Wato lissafin Fitts ba mai mallakarsa, alhamdulillahi.

25/ Ga inda gizo ke saƙar: sashe na 4. Magatakardan da ke Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, aikinsa ya duba ko takardunka sun cika, ka biya kuɗi, buƙatar ta shafi ƙirƙira ɗaya. Dokar da kanta ta ce a ba da fatent ba tare da binciken ko abin sabo ne ba. Ta kuma ce an ba ka ne a kan kasadarka, ba tabbacin ingancinsa.

26/ Ku sake karantawa. Ƙofa ta biyun nan da na ce ita ce mai tsauri, wadda ta kayar da Apple a Jamus, mu a nan ba kowa a bakinta ranar ba da takarda.

27/ Ma'ana mutum zai iya rubuta "hanyar kintatar madannin da mai amfani ya nufa daga saurin kibiya da alƙiblarta, da faɗaɗa shi", ya cike fom daidai, ya fito da satifiket. Ba laifin ma'aikacin ba ne, abin da doka ta ce ya yi ke nan.

28/ "Ai ana iya sokewa." Ƙwarai. Sashe na 9 ya ba kowa damar neman kotu ta rushe fatent ɗin da bai cancanta ba, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke jin irin wannan ƙarar. Toh wa zai biya lauya? Yara uku da suka haɗa manhajar gwajin JAMB a shago ɗaya a Ƙofar Ƙaura? Wasiƙar lauya ɗaya ta ishe su su cire abin daga manhajar, ko su rufe gaba ɗaya. Ba sai an je gaban alƙali ba.

29/ Kada ku ɗauka takardar Najeriya ba ta da haƙori. A Janairun 2014 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci INEC da waɗanda aka haɗa da ita su biya kamfanin Bedding Holdings sama da naira biliyan 17, a kan fatent da ya shafi tsarin ɗaukar bayanan masu zaɓe da na'ura. Ba ina cewa kamfanin bai da gaskiya ba. Ina nuna muku girman abin da takardar da aka bayar ba bincike take iya ɗauka ne.

30/ Akwai wata shari'ar da ta fi kusa da mu Hausawa. Kamfanin Lancor na Ade Oyegbola ya ƙera kibod mai suna Konyin, wanda ke rubuta haruffan harsunan Najeriya, har da namu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. A 2007 ya kai shirin One Laptop per Child ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Legas, yana cewa sun kwafi tsarin kibod ɗinsa mai rajista, yana neman dala miliyan 20.

31/ Wannan shari'ar tana ja na ɓangare biyu, ba zan ɓoye ba. Ɗan ƙasa ya zauna ya warware matsalar da manyan kamfanoni suka yi banza da ita, yana da haƙƙin kada a kwashe masa wahala. A ɗaya gefen kuma kwamfutocin yaran firamare ne ake magana, kuma hanyar rubuta ƙ da ɗ ce. Duk wanda ya taɓa rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" ya san ba abin da za a sa wa kwaɗo ba ne.

32/ Shi ya sa ban ce a rushe fatent ba. Idan wata ɗaliba a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam ta gano sabuwar hanya takamaimai ta tace rawar hannun tsoho daga ainihin motsinsa, da matakanta, da awon da ya nuna ta fi na baya, ta cancanci kariya. A kan wannan hanyar tata. Ba a kan duk wata canka da kowa zai yi daga nan zuwa shekara 20 ba.

33/ Bambancin yana cikin yadda aka rubuta iƙirarin. Wani yana rubuta yadda ya yi abin. Wani yana rubuta sakamakon da ake so, ya bar "yadda" a buɗe don ya kama duk wanda ya isa wurin ta kowace hanya. Na farko ya gina rijiya. Na biyu yana so a rubuta masa ƙishirwa.

34/ Abin da ya jawo zaren nan ma, furojet ɗina ne na wannan zangon: manhajar gwajin jarrabawa da ke faɗaɗa wurin amsa a ɓoye idan ta ga kibiya na rage gudu kusa da shi. Wani abokina ya gani ya ce, "Mutumina, yi maza ka yi rajista kafin a sace." Na ce rajistar me? Rabin abin daga takardun bincike na ɗauko, waɗanda masu su suka saki kyauta.

35/ Ya ce ai ba wanda zai duba. Kun ga matsalar a jimla ɗaya 😭

36/ Ga abin da da yawanmu ba mu sani ba: kod ɗin da ka rubuta yana da kariya tun ranar da ka rubuta shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu. Wanda ya kwafe maka kod ya taka doka ko ba ka da fatent. Abin da fatent ke ƙarawa shi ne ikon hana wanda bai taɓa ganin aikinka ba, ya zauna ya gano nasa da kansa. Wannan iko ne babba, bai kamata a ba da shi kamar rasit ba.

37/ Gyaran da nake so a gani ba mai wuyar faɗi ba ne: a riƙa binciken sabunta kafin a ba da takarda, ko aƙalla a buɗe lokacin da kowa zai iya kawo hujjar cewa abin tsoho ne ba sai ya ɗauki lauya ba. Na san binciken na buƙatar injiniyoyi da kuɗi. Amma yanzu ma ana biyan kuɗin, kawai dai ƙananan masu manhaja ne za su biya shi a kotu maimakon mai neman takardar ya biya a ofis.

38/ Kafin a gyara, ɗalibai 'yan'uwana, ku san zaɓinku. Idan da gaske kana ganin abinka sabo ne, kada ka baza shi a nan tukuna, domin a dokarmu abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ya daina zama sabo, ko da kai ka bayyana. Kuma wanda ya riga shigar da buƙata shi ake ba wa. NOTAP na taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen shigar da buƙata, jami'o'i da dama ma suna da ofishin wannan aikin.

39/ Idan kuma ka san haɗe-haɗe ne na abin da ke akwai, irin nawa, wannan ƙa'idar ce dai ta zama makaminka. Ka sake shi a fili da kwanan wata. Duk wanda ya zo daga baya ya yi rajistar abu iri ɗaya, rubutunka hujja ne a kansa, kamar yadda wayar nan ta Suwidin ta zama hujja a Jamus.

40/ Nawa zai hau GitHub ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in sha Allah, da bayani da Hausa. Masu cibiyoyin koyon kwamfuta a cikin gari, ku ɗauka ku gwada da ɗalibanku. Ina neman mutum goma da ba su saba da linzami ba su gwada min shi, a kunne da kuma a kashe, mu ga ko daƙiƙun sun ragu da gaske. Mai sha'awa ya yi min magana ta DM.